Ranar da Mai Fuska Ya Ɓata

Hester Utting tana wanke takalmanta a bakin famfo, dawowarta ke nan daga bin sawun wata barewa da mota ta buge, sai wayarta ta yi ƙara. Rabaran Miriam Oakes ce. Ta ce ta buɗe coci da safen nan ta tarar da teburin da ke gefen kwamin baftisma wayam. Bargon yana nan, har da shatin abin da ya kwanta a kansa, amma Mai Fuska babu shi.

Haka duk mutanen Harnsey suke kiransa. Cocinsu ƙarami ne, ginin ƙananan duwatsu, da hasumiya zagayayya wadda ta girmi kowane gini a yankin. A jikin azarar rufin akwai jerin mala'iku na katako da aka sassaƙa tun shekaru ɗari biyar. A zamanin wani yaƙin basasa da aka yi ɗaruruwan shekaru da suka wuce, sojoji sun bi su ɗaya bayan ɗaya sun farfashe fuskokinsu, sai guda da ke lungu mai duhu ya tsira da idonsa da hancinsa da ɗan murmushinsa. Ofishin Bishop ya daɗe yana tunanin rufe cocin, don masu zuwa ranar Lahadi ba sa cika benci uku, ga rufi na yoyo. Mai Fuska ne ya hana. Saboda shi masu kula da kayan tarihi suka yarda za su gyara rufin gaba ɗaya, kuma ranar Litinin wata ƙwararriya za ta zo daga Norwich ta duba shi. Dalilin sauko da shi ke nan a makon da ya wuce.

Ɗan sanda ya zo daga gari, ya ɗauki hoton tebur, ya sha shayi, ya koma. Kafin azahar ƙauyen ya riga ya yanke nasa hukuncin a kantin Misis Howlett: Stoyan ne, ɗan Bulgeriyan nan mai tsinkar tuffa a gonar Kerrison. An sha ganinsa yana shiga coci shi kaɗai yana ɗaga waya sama. Kerrison, wanda yake cikin dattawan coci, ya ce in har Juma'a da yamma ta yi ba a ga abin nan ba zai sallame shi. Kowa kuwa ya san wanda aka sallama ba ya sake samun takardar dawowa baɗi.

Rabaran ta ce wa Hester ita dai ba ta san komai game da sawu ba, amma ta san ba ta yarda da hukuncin kanti ba, don haka ta roƙe ta ta je ta duba.

*

Ƙofar kudu ba ta da wani amfani, rabin ƙauyen ya riga ya tattake wurin da sunan jaje. Makullin ma ba sirri ba ne: ƙarƙashin tukunyar fure yake tun zamanin kakan Hester. Sai ta zagaya ta arewa.

Ƙofar arewa gajera ce, dole mutum ya sunkuya, bakinta zagaye da sassaƙen dutse kamar haƙoran zarto. Tun Hester na yarinya ba ta taɓa ganinta a buɗe ba. Yau yanar gizon da ke jikinta a yage take, kuma an ɗiga wa sakatar mai. A ƙasa, cikin ciyawar da ruwan jiya ya jiƙa, ga layin taya ɗaya irin ta baro ya nutse, ga sawun takalmin roba irin wanda kowa ke sawa a ƙauyen.

Ta bi shi a tsugune. Mai turawar gajeren taku gare shi, kuma yana yawan ajiye baron ya huta, don ƙafafun baron sun bar ramuka bibbiyu a kan hanya. Daga ƙofar zuwa ƙyauren bayan maƙabartar da ta kewaye cocin fili ne kawai, babu dutsen kabari ko ɗaya, amma a tsakiya layin ya karkata hagu, ya yi ɗan zagaye, sannan ya koma kan hanyarsa. Hester ta ɗauka taɓo ya guje wa. A bakin ƙyaure kwalta ta haɗiye sawun.

Baron kuwa ta same shi a rumfar kayan aikin coci, an wanke shi tas an kifa shi.

A gindin hasumiya ta ga wasu ramuka uku-uku a wurare da dama, da sawun takalmin fata mai jan ƙafar hagu. Ta riƙe wannan a ranta.

*

Ta sami Stoyan a bayan tirelolin da ma'aikatan gona ke kwana, yana zaune a kan akwatin tuffa. Ƙato ne, ƙafarsa ta kusa ninka ta mai turin baro. Hester ta gane haka tun kafin ta gaishe shi, amma ta zauna.

Da farko ya ce bai san komai ba. Da ta ce masa ita ba 'yar sanda ba ce, barewa take bi, sai ya ɗan saki jiki. Ya ce yakan shiga cocin ne don warin tsohon katako da sanyin dutse iri ɗaya ne da na cocin ƙauyensu. Yana da 'ya ƙarama a gida, ita ce ke sa shi ya ɗaga waya ya nuna mata mala'ikun duk sanda suka yi magana. Abin da ya sa ya ƙi faɗa wa Kerrison shi ne a lokacin aiki yake sulalewa.

"Da ka faɗa masa, ai faɗan bai wuce na minti biyar ba," in ji Hester.

"Ke 'yar gida ce, Madam. Faɗanku daban, namu daban."

Ba ta musa ba. Ta tambaye shi ko ya taɓa ganin wani a wurin. Ya ce ranar Talata da la'asar ya ga mai farar motar nan, da wani abu mai ƙafa uku, yana zagaya hasumiya.

Mai farar mota ɗaya ne a Harnsey. Mista Pemberton ya zo daga birni bara, ya buɗe shagon tsofaffin kaya a tsohuwar makarantar ƙauye. Da Hester ta shiga shagon ta ga kawunan gumaka da fitilun coci jere a kan kanta, zuciyarta ta ce ga shi nan. Ya taso yana jan ƙafar hagu, ya ce shi bai taɓa zuwa wajen coci ba sai ranar Kirsimeti. Ta nuna masa takalmin da ke bakin ƙofa, ta ce to takalminsa ya je ba tare da shi ba.

Fuskarsa ta yi ja. Ya rufe ƙofar shago, ya ce ta rufa masa asiri: awon ginin ya je yi. Ya ji ana cewa za a rufe cocin, shi kuwa ya daɗe yana sha'awar gida mai hasumiya, har ya zaɓi inda zai sa ɗakin wanka. Amma baro, ya ce, ko babu komai a ciki bayansa ba zai bar shi ya tura ba. Ta duba hannayensa, ta duba takunsa, ta san gaskiya ya faɗa. Ta ce masa in Rabaran ta ji zancen ɗakin wanka a gindin hasumiya, ba ruwanta.

*

Washegari ta je wurin Wilfred Gotts, kafintan ƙauye, wanda ya jagoranci sauko da Mai Fuska. Babu benci ko ƙyaure a cocin nan da hannunsa bai taɓa ba, kuma shi ya yi akwatin gawar mahaifin Hester, ya ƙi yarda a yi masa godiya. Tun rasuwar matarsa Edna shi kaɗai yake zaune a gidan da ke ƙarshen layi.

A kicin ya karɓe ta, ya dafa shayi. Ta tambaye shi nauyin abin, ya ce mutum ɗaya zai iya in ya daure. Ta tambayi ko akwai wanda ya nuna sha'awa ta daban ranar da aka sauko da shi, ya ce kowa ma ya leƙa. Da ta ambaci Stoyan sai ya ajiye cokali.

"Su ƙyale yaron nan. Ba shi da hannu a ciki."

"Kai ma haka ka gani, Wilf?"

"Haka nake ji a jikina," ya ce, ya juya ya kama wanke kofin da bai gama shan abin cikinsa ba.

Hester ta fito ba tare da ta ƙaru da komai ba. Abin da ke damunta shi ne zagayen nan na tsakiyar fili. Ta koma coci, ta cika baron da duwatsu, ta tura shi daga ƙofar arewa. Miƙewa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba: ƙasar a bushe take, shimfiɗaɗɗiya. Zagayen kuwa hawa ne, ga saiwar bishiya a kan hanya, sai da ta kusa kifar da kayan. Ta sake duba sawun. Ko da ya dawo da baron babu kaya, nan ɗin ma ya kauce.

Ta durƙusa a wurin da ya ƙi takawa. Bai fi faɗin tabarma ƙarama ba. Ciyawar wurin ta fi ta kewaye laushi, kuma bakinta ba irin yankan inji ba ne, da almakashi aka bi ta. A gefe ɗaya ƙasa ta ɗan lotsa wuri biyu, irin lotsawar da ba a yin ta a shekara ɗaya, inda mutum ya saba tsayawa.

*

Gwaggo Queenie, ƙanwar mahaifinta, ta haura tamanin, kuma a ƙuruciyarta ta yi wa unguwarzoma rakiya gida-gida. Hester ta same ta tana kallon tseren dawaki a talabijin.

"Gwaggo, wa aka binne a arewacin coci, tsakanin ƙofa da ƙyaure?"

"Ba kowa. Ba ki ga babu dutse ba? Matsa, kin tare mini doki."

Hester ta matsa, amma ba ta tafi ba. Ta ce akwai wanda ke yanke ciyawar wurin da almakashi. Sai tsohuwar ta rage muryar talabijin.

Sannan ta ba ta labarin. Shekarar da aka yi babbar ambaliya Edna Gotts ta haifi 'ya mace, jaririyar ba ta kai yamma ba ta koma. Ba a samu an yi mata baftisma ba, limamin wancan lokaci kuwa mutum ne mai taurin kai, ya ce ba addu'a ba dutse, sai dai gefen arewa kamar yadda ake yi a da. Wilfred ya yi ɗan akwati da hannunsa. Mutum uku ne a wurin: shi, da maginin kabari wanda ya daɗe da rasuwa, da ita Queenie. Edna ba ta sake haihuwa ba, kuma ba a sake ta da zancen ba, har ƙauyen ya manta.

"Ke kuma in kika kai wannan zancen kantin Howlett," in ji Gwaggo, "ni da ke mun ɓata har abada."

Hester ta fito ta riga ta san wanda ya tura baron. Ranar Juma'a da rana ta je gidan Wilfred a ƙarshen layi ta ƙwanƙwasa. Hayaƙi na fita daga bututun shagon aikinsa, amma ba a buɗe ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, yadda na ciki zai ji, za a taru a coci da yamma, kuma Kerrison zai zo da Stoyan.

*

Rabon cocin da cika haka tun bikin 'yar Kerrison. Hasken yamma na shigowa ta tagar yamma yana haska mala'ikun da ba su da fuska, da gurbin wanda ya ɓata. Stoyan na zaune a bencin gaba, hularsa a hannu. Pemberton ya maƙale a bayan ginshiƙi. Wilfred ya shigo daga ƙarshe ya zauna kusa da ƙofa.

Kerrison ya ce shi ba ya son dogon zance, yana da gona a gabansa. Rabaran ta ce a saurari Hester tukuna.

Hester ba ta saba magana a taro ba, don haka ta faɗi abin da ƙasa ta nuna mata kawai. Ta ce ta ƙofar arewa aka fita, kuma sai da aka sa wa sakata mai. Mai turin baron ƙaramar ƙafa gare shi, yana hutawa akai-akai, Stoyan kuwa da ya saɓa abin a kafaɗa ya yi gaba. Mista Pemberton ya zo wurin, amma wani abu ya kawo shi daban, shi zai yi wa Rabaran bayani da kansa. Aka waiwaya aka dube shi, ya sunkuyar da kai.

Misis Howlett ta ce ƙaramar ƙafa ai ko cikin ma'aikatan gonar akwai.

"Akwai," in ji Hester. "Amma wannan ya san inda baron coci yake, ya wanke shi ya mayar ya kifa. Ban taɓa ganin ɓarawon da ya wanke baro ba."

Aka ɗan yi dariya, ta jira ta lafa.

"Sauran abu ɗaya. Tsakanin ƙofa da ƙyaure akwai wurin da bai yarda ya taka ba, zuwa da dawowa, ga kaya mai nauyi a hannunsa. Baƙo ba zai san wurin ba. Yawancinku ma ba ku sani ba. Ni na san dalili, amma ba nawa ba ne balle in faɗa. Iyakar abin da nake da shi ke nan."

Ta zauna. Ba ta waiwaya ba. Sai ta ji benci ya yi ƙara can baya.

"Yana shagona," in ji Wilfred.

Ya yi bayani a tsaye, yana riƙe da bayan benci. Shekaru talatin da suka wuce fiffiken Mai Fuska ya yi sako-sako, shi kuma ya hau tsani ya ɗaure shi da ƙusoshin ƙarfe, ya cike ramin da abin da bai kamata ba. Kowa ya yaba. Da aka sauko da shi makon jiya ya ga ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga katakon daga kafaɗa har ƙugu. Abin da sojoji ba su iya ba, in ji shi, shi ya yi da hannunsa. Ya ce ba zai iya tsayawa ƙwararriya ta nuna aikin ta tambayi wa ya yi ba. Ya yi niyyar ya zare ƙarfen ya dawo da shi kafin gari ya waye. Yana taɓa ƙusa ta biyu fiffiken ya fita gaba ɗaya.

Stoyan ne ya miƙe ya juyo.

"Kana ji suna cewa ni ne?"

"Ina ji."

"Ka yi shiru."

"Na yi shiru. Wannan ya fi fiffiken muni, na sani."

Stoyan ya dube shi, ya dubi Kerrison, ya sa hularsa ya fita. Kerrison ya bi shi da sauri yana kiran sunansa, kuma karon farko ke nan da Hester ta ji ya faɗi sunan daidai.

Rabaran ta fita farfajiya ta kira ƙwararriyar a waya, jama'a na jira. Ta dawo ta ce matar ta ce wannan ciwon ta gan shi a coci fiye da yadda za ta iya tunawa, kowane kafinta na wancan zamani da ƙarfe yake gyara. A tattara kowane guntun katako komai ƙanƙantarsa, kada a sa gam, tana nan tafe ranar Litinin, kuma tana son ganin mai aikin don shi kaɗai ya san inda ƙusoshin suka bi. Wilfred ya zauna ya rufe fuskarsa da hannu. Rabaran ta je ta zauna kusa da shi, ta ce da safe za ta kira 'yan sanda ta ce kayan ya dawo.

Da ana watsewa Wilfred ya tsaya gaban Hester. Ta ce masa gobe da safe za ta zo ta taya shi ɗauka.

*

Asabar ta waye da rana mai kyau. Mai Fuska na kwance a kan teburin aiki, fiffikensa a naɗe cikin tsohuwar rigar sanyi, guntayen a cikin gwangwanin biskit. Wilfred ya cire wani tsohon ƙyaure ya shimfiɗa masa bargo, suna shawarar yadda mutum biyu za su iya da shi har coci, sai inuwa ta rufe ƙofar shagon.

Stoyan ne. Ya gaida Hester, bai gaida Wilfred ba. Ya daɗe yana kallon tsagar da ke jikin katakon, ya kai yatsa kusa da ita bai taɓa ba.

"Ba don kai na zo ba," ya ce. "In aka sake sa shi a baro, rabewa zai yi."

Wilfred ya ce ya gode duk da haka.

Suka ɗora shi a kan ƙyauren. Wilfred ya kama gaba, Stoyan ya kama baya, Hester ta rungumi fiffiken da gwangwanin. Suna hawa layi mutane suka fara fitowa daga gidaje. Kerrison ya tsayar da motarsa a tsakiyar titi ya zo ya kama gefe ɗaya. Misis Howlett ta bar kantinta a buɗe ta yi gaba don ta riƙe musu ƙyauren coci, tana ta kauce wa idon Stoyan.

A hawan ƙarshe numfashin Wilfred ya fara sarƙewa. Ya ce ba tare da ya waiwaya ba, a yi haƙuri da shi, a bi a hankali.

Stoyan ya gyara riƙo, ya ɗan rage tsawo yadda nauyin zai gangaro wajensa.

"Kai ne a gaba, Baba," ya ce. "Tafi yadda za ka iya, ina biye da kai."